Kafin Injin Ya Tsaya

A shekarar 1909 marubucin Ingila E. M. Forster ya wallafa labarin The Machine Stops. A cikinsa 'yan Adam sun tare a ƙarƙashin ƙasa, kowa da ɗan ɗakinsa mai kusurwa shida, inji guda ne ke ba su iska da abinci da magani da wurin kwana. Wata mata mai suna Vashti tana hira da dubban mutane ta wani faifai mai haske, amma sai da ɗanta Kuno ya yi ta roƙo kafin ta yarda ta je ta gan shi ido da ido. Wanda ya saɓa doka kuwa, a kora shi doron ƙasa, inda suka tabbata mutuwa ce ke jiransa.

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne injin nan bai yi wa kowa tawaye ba. Lalacewa ya riƙa yi sannu a hankali. Kiɗa ya fara gargada, ruwan wanka ya fara wari, gado ya ƙi fitowa idan an kira shi. Aka kai kuka ga kwamitin gyara, aka ce an ji. Ashe na'urar gyaran ce da kanta ta samu matsala, kuma ba a bar mutum ko ɗaya da ya san injin ciki da waje ba. Jama'a suka saba da warin, suka ci gaba da yabon injin har ranar da fitilu suka mutu.

Kada wani ya ce tatsuniya ce. A 2021 Saudiyya ta sanar da birnin The Line, mai tsawon kilomita 170, wanda aka ce zai ɗauki mutum miliyan 9 kuma ƙirƙirarriyar basira za ta tafiyar da hidimominsa. Ko an gama shi ko ba a gama ba, tunanin ya riga ya shiga ofisoshin gwamnatoci. A Holan, tsarin kwamfuta na hukumar haraji ya taimaka wajen ɗora wa dubban iyalai zargin damfarar kuɗin renon yara, aka matsa musu su mayar da kuɗi, gidaje suka tarwatse, har gwamnatin Mark Rutte ta yi murabus a Janairun 2021. Iyayen nan sun yi shekaru suna kuka ba mai saurare, domin ma'aikata sun fi gaskata na'ura.

Ranar 19 ga Yulin 2024 kuskure guda a sabunta manhajar CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka ɗage tiyata. Mu ma mun ɗanɗana: a 14 ga Maris na shekarar, da igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Yammacin Afirka, mutane a Najeriya da Gana sun rasa hanyar taɓa kuɗinsu.

Don haka ina kira ga 'yan majalisa da masu tsara birane da shugabannin asibitoci da bankuna: kada ku sa hannu a kwangilar da za ta miƙa ruwa ko wuta ko albashi ga na'ura sai an rubuta sunan ofishin da talaka zai je ya samu mutum mai ikon soke hukuncinta. A ajiye rajistar takarda. A horar da injiniyoyinmu su iya buɗe tsarin su gyara, ba sai an jira wani daga ƙetare ba. Kuma a riƙa kashe na'urar da gangan lokaci-lokaci, a gwada ko ma'aikata za su iya sallamar jama'a da hannu.