Musabaƙar Yara Ko Gasar Iyaye?

  

A unguwar Kanda ta birnin Ankara akwai gine-gine biyu da ba su da nisa da juna. Na farko shi ne Babban Masallacin Ƙasa, wanda aka buɗe a watan Yulin 2021 da taimakon mutanen Turkiyya. Na biyu kuwa gidan talbijin ne na TV3, mai shirya gasar yaran nan da ake kira Talented Kidz, inda ƙananan yara ke rawa da waƙa a gaban alƙalai, masu kallo kuma suna jefa musu ƙuri'a ta wayar salula, kowace ƙuri'a da kuɗinta. Daga wannan gasa ce wata yarinya kurma mai suna Abigail ta fito da nasara a shekarar 2023, sannan a 2024 ita da abokiyar rawarta suka zo na uku a gasar Britain's Got Talent ta Ingila. Gidaje da yawa a Nima da Mamobi sun kalli abin, har da waɗanda ba za su so a ce sun kalla ba.

A can Ingilar, gasar rawa ta daɗe da zama sana'a. Tun 1920 ake taron rawar Turawa ta namiji da mace a garin Blackpool, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 12 suna da rukuninsu. Za ka ga yarinya ƙarama an shafe mata fuska da hoda da jan baki, an ɗaure gashinta tamau, an umarce ta da murmushin da ba ya gushewa ko da takalmi yana cizon ƙafarta. A gefen fili kuwa ga uwa a tsaye, ta kashe kuɗin tufafi da na malamin rawa da na mota, idonta a kan takardar maki. Su kansu Turawan sun daɗe suna tambayar junansu, shin yarinyar ce ke son kofin ko uwarta?

Mu dai idan muka ga haka sai mu girgiza kai mu ce Allah Ya kiyaye mana zuriya. Muna da gaskiya a wani ɓangare, domin cuɗanya maza da mata da fitar da tsiraicin yarinya abu ne da addininmu bai yarda da shi ba. Amma Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Waccan uwar da ke tsaye a gefen filin rawa, na sha ganin 'yar'uwarta sanye da hijabi a sahun baya na zauren musabaƙar Alƙur'ani, na kuma ga mijinta cikin babbar riga a sahun gaba yana taune leɓe. Abin da yaran ke yi ya bambanta kamar sama da ƙasa, sai dai ciwon da ke zuciyar iyayen iri ɗaya ne.

Kada mai karatu ya ɗauka ina sukar musabaƙa. Alherinta a fili yake. Ƙasar Malesiya ta fara gasar tilawa ta ƙasashen duniya a 1961, Saudiyya ta fara ta Sarki Abdul'aziz a Makka a 1979, Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Sakkwato ta fara ta ƙasar Najeriya a 1986, sannan Dubai ta kafa tata a 1997. Tun daga nan harshen yaranmu ya gyaru. Iyayenmu da yawa sun haddace Littafi ba tare da sun taɓa jin sunan idgami ko ihfa'i ba, yau kuwa yarinya 'yar shekara goma a Sabon Zongo tana iya gyara wa babba maharajin harafi. 'Yan mata, waɗanda a da ake cire su daga makaranta da zarar sun iya surorin salla, musabaƙa ta buɗe musu ƙofa. Wannan duk ni'ima ce, kuma mun gode wa Allah da malaman da suka tsaya.

Abin da ya sauya shi ne girman kyauta da ƙanƙantar masu neman ta. Gasar Dubai ta yi shekaru tana ba na ɗaya dirhami 250,000. A namu unguwanni ana sa babur, ko firji, ko keken ɗinki, wani lokaci har kujerar Umra. Sai kuma wayar salula ta shigo. Kafin yaro ya sauko daga kan mumbari, hotonsa ya kai ga dangi a Kumasi da Lome da Yamai, har da kawunsa da ke Jamus. Wanda ya ci, an ga ɗan wane ne. Wanda ya kife ma an gani. Daga nan sai kowane uba ya fara lissafi: ɗan maƙwabci ya kammala izu ashirin yana da shekara tara, to nawa sai ya yi talatin kafin ya kai tara.

Mu duba yinin irin wannan yaro a wata biyun da ke gabanin gasa. Ana tashinsa tun kafin kiran assalatu domin ya yi tilawa. Bayan asuba ya biya sabuwar hadda, ya sha koko a tsaye, ya rataya jaka zuwa makarantar boko. Idan an tashi da rana akwai darasin ƙari, musamman ga wanda jarrabawar BECE ke gabansa. Daga la'asar zuwa magariba yana makarantar allo ko Islamiyya, bayan isha'i kuma ga malamin da aka ɗauko na musamman domin musabaƙa. Asabar da Lahadi, ranakun da sa'o'insa ke buga ƙwallo a lungu, su ne ranakun gwaji. Likitocin barci na Amurka sun fitar da shawara a 2016 cewa yaro daga shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin sa'a 9 zuwa 12 a kowace rana. Wanda ya kwanta ƙarfe goma sha ɗaya ya tashi ƙarfe huɗu, biyar kawai ya samu. Abin mamaki, hadda ita kanta a cikin barci take zama a ƙwaƙwalwa, ke nan uban da ke rage wa ɗansa barci domin ya ƙara hadda yana zuba ruwa ne a kwando.

Mahaifina limami ne, don haka tun ina ƙarami nake zama kusa da teburin alƙalai, na kuma san yadda abin yake daga ciki. Alƙali yakan karanta farkon aya, ɗan takara ya ɗauka ya ci gaba har a tsayar da shi. Idan ya yi kuskure sai a kaɗa ƙararrawa. Wuyar ita ce Alƙur'ani cike yake da ayoyi masu kama da juna, waɗanda malamai ke kira mutashabihai. Ƙissar Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ta zo a A'arafi, ta zo a Ɗaha, ta zo a Shu'ara'i da Ƙasasi, da lafuzza masu kusanci ƙwarai. A suratur Rahman aya guda ta maimaitu sau 31, kowace da abin da ke biye da ita. Babban alaramma ma yakan zame a irin waɗannan wurare yana jan tarawihi, har sai na baya ya ɗora shi. To ina ga yaro ɗan shekara takwas, wanda bai san ma'anar abin da yake karantawa ba, ga lasifika a bakinsa, ga jama'a cike da zaure, ga idon mahaifinsa? Ƙararrawa ɗaya ta isa ta share masa abin da ya shekara yana tarawa. Na ga yaron da ya karanta shafin nan ba gargada da safe a zaurenmu, ya hau mumbari da yamma ya kasa haɗa aya biyu.

A shekarar 2011 an fitar da wani fim na gaskiya mai suna Koran by Heart, wanda ya bi yara uku 'yan shekara goma zuwa gasar Alƙahira, babu mai jin Larabci a cikinsu. Na ƙasar Tajikistan muryarsa ta motsa zukatan alƙalai, amma aka gano bai iya karatu da rubutu a harshensa ba. Yarinyar tsibiran Maldibs haziƙa ce a lissafi da kimiyya, iyayenta kuma sun saɓa a kan makomarta. Na Senegal ɗan limami ne, ya zo ba tare da iyayensa ba, ɗauke da burin garinsu duka. Da aka ja masa aya sai ya rikice, ya yi ta ƙoƙari hawaye na zuba a gaban alƙalai. Duk uban da ke shirin kai ɗansa gasa, ya kamata ya nemi wannan wuri ya kalla.

Amma hawayen kan mumbari ba su ne mafi zafi ba. Mafi zafi shi ne abin da ke biyo baya a cikin tirotiro a hanyar gida, sa'ad da uba ya ƙi kallon ɗansa, ko uwa ta ce, “Ka kunyata mu a gaban mutane. Ɗan gidan Alhaji kai biyu gare shi?” Wani a hana shi abincin dare, wani a ɗauko masa bulala. Yaro ba ya iya raba tsakanin fushin iyaye da abin da ya jawo fushin. A zuciyarsa Alƙur'ani ne ya sa Baba ya daina yi masa magana. Ku tambayi malaman makarantunmu yara nawa suka yi fice suna 'yan shekara goma, suka kai sha bakwai ba sa buɗe Mus'hafi sai da azumi. Ga kuma 'yan'uwansa na ɗaki ɗaya da ba su da kaifin hadda, waɗanda suka tashi suna jin cewa kason ƙaunar da ya rage musu kaɗan ne.

Magabata sun riga mu sanin wannan. Ibnu Haldun, wanda ya rasu a Alƙahira a 1406, ya ware fasali guda a Muƙaddimarsa a kan cewa tsanantawa tana cutar da ɗalibi, musamman ƙarami. Ya bayyana cewa wanda aka rena da tsoro yakan zama malalaci, ya koyi ƙarya da yaudara domin ya tsira daga hannun mai dukansa. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi wasiyya a cikin Ihya'u cewa a bar yaro ya yi wasa bayan ya taso daga makaranta, domin hana shi wasa da ɗora masa karatu ba hutu yana kashe zuciyarsa, ya dushe basirarsa. Imamu Malik kuma ya kawo a Muwaɗɗa cewa Abdullahi ɗan Umar ya shekara takwas yana koyon suratul Baƙara. Sura ɗaya, sahabi ɗan sahabi. Da a yau ne, da an ce ba shi da kai. Ko a tsangayun ƙasar Hausa da Barno, ba a kiran mutum gwani sai ya yi shekaru masu yawa yana wanke allo, ya rubuta Alƙur'ani da ka, furfura ta fara leƙo masa.

Akwai kuma maganar niyya, wadda ita ce ta fi ba ni tsoro. Imamu Muslim ya ruwaito hadisin mutum uku da za a fara yi wa hukunci ranar alƙiyama, ɗaya daga cikinsu makarancin Alƙur'ani ne da ya yi karatu domin a ce masa makaranci, aka kuwa faɗa a duniya, ladansa ya ƙare a nan. Yaro bai balaga ba, alƙalami bai hau kansa ba. Amma wane ne ya koya masa cewa amfanin hadda shi ne tafi da kabbarar jama'a da hoto a WhatsApp? Wannan tambayar tana kanmu.

Na san amsar da wasu iyaye za su bayar, cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ba don tsanani ba da su kansu ba su zama mutane ba. Na kuma san cewa ba duka ne masu neman suna ba. Uwar da ke sayar da shinkafa da wake a bakin titin Nima, idan ta dubi ɗanta mai kaifin hadda, abin da take gani shi ne gurbin karatu a Madina ko Azhar, hanyar da za ta fitar da shi daga ɗaki ɗaya da suke kwana su bakwai. Babu mai zarginta a kan wannan buri. Sai dai mai tanƙwara icce yana jin sa a hannunsa, ya san inda zai tsaya. Alamun kuwa ba ɓoyayyu ba ne: yaro ya fara ciwon ciki ko ciwon kai duk ranar gwaji, ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, ya fara in'ina, ko ya riƙa ɓoye allonsa. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ta bayyana, a janye shi daga gasar bana, babu abin da zai ragu.

Masu shirya musabaƙa su ma da nasu. Wace bukata ce ta sa a kira sakamako tun daga na ƙarshe a gaban jama'a? Me ya hana a yi wa 'yan ƙasa da shekara goma nasu zama a ƙaramin ɗaki, ba lasifika, ba kyamara, kowa ya tafi gida da Mus'hafi sabo? Kuma malamin da ya san yaro da ruwayar Warshu ya fara, kamar yadda kakanninmu suka gada, kada ya juya shi zuwa Hafsu saura wata biyu gasa don kawai alƙalan sun fi sabawa da ita. A kuma ƙara rukunin ma'ana, ko da na gajerun surori ne, a tambayi yaro da Hausa abin da suratul Ma'un take cewa game da maraya.

Ga uba kuma, akwai gwajin da ya fi na alƙalai. Bayan an gama gasa da wata guda, an ajiye kofi a kan talbijin ko an dawo hannu rabbana, ya zauna da ɗansa bayan magariba, ba bulala a kusa, ya buɗe Mus'hafi ya ce, “Zo ka ja ni, ni ma ina son in gyara Tabaraka.” Ya lura ko yaron zai matso kusa da shi, ko kuwa zai fara duban ƙofa.