Abin da Ke Jawo Miƙaƙƙen Layi a Sikirin Ɗin Waya

Daga Samaru zuwa PZ a Sabon Gari, akwai matsalar da ke yawan kai ɗaliban ABU teburin mai gyara: waya ta faɗi, gilashi ko tsagewa bai yi ba, amma ga wani siririn layi ya ratsa sikirin daga sama har ƙasa, kamar an ja shi da rula. Wannan miƙewar tasa ita ke tona yadda sikirin ɗin LCD yake aiki.

Hoton da ke kan waya ɗigo-ɗigo ne, kowane ɗigo ana ce masa fiksel. Wayoyi da dama na Tecno, Infinix da itel suna da fiksel 720 a faɗi, 1,600 a tsawo, wato 1,152,000. Kowanne ya rabu gida uku, ja da kore da shuɗi, sun zama 3,456,000 ke nan. Ba su ke ba da haske ba. Fitila ce a bayan gilashin, kowane gida kuma 'yar taga ce mai wani ruwa a ciki, wanda ke juyawa idan wutar lantarki ta taɓa shi, ya bar haske ya wuce ko ya tare shi.

Ba zai yiwu a ja wa kowace taga zaren wutarta ita kaɗai ba. Sai aka bi tsarin kasuwa, inda layi da lambar rumfa sun isa a gano ɗan kasuwa. Zare 1,600 a kwance, 2,160 a tsaye, duk inda biyu suka haɗu taga ɗaya ce. Zare 3,760 kacal ke riƙe da miliyoyin nan.

A tsohon tsari, irin na Nokia 3310 mai fiksel 84 da 48, taga ba ta samun wuta sai lokacin da aka zo kan layinta, kafin a zagayo ta fara komawa yadda take. Layuka na ƙaruwa, hoto na dusashewa. A farkon shekarun 1970 Peter Brody da abokan aikinsa na kamfanin Westinghouse a Amurka suka nuna mafita: kowace taga a ba ta tiransisto nata da ɗan ma'ajin caji. Shi ne TFT. Zaren kwance ya buɗe ƙofofin layi guda, zaren tsaye su zuba wa kowace taga rabonta, a rufe, ta riƙe abinta har a dawo. Ana zagaye duka sikirin ɗin sau 60 a sakan, wasu wayoyin 90 ko 120. A 60 ɗin, rabon kowane layi kusan kashi 10 ne cikin miliyan na sakan.

To idan zaren tsaye guda ya tsinke, ko ya saki daga ɗan cif ɗin da ke ba shi umarni, duk tagogin da ke dogaro da shi sun rasa saƙo a tare. Layin ke nan. Cif ɗin manne yake a jikin gilashin, ba abin da ƙarfen soda zai taɓa ba ne, shi ya sa mai gyara kan ce sai dai a canja sikirin, kuma a nan gaskiyarsa ne. Masu danna wurin da babban yatsa sau da yawa ƙara layi suke yi.

Amma ba kowace matsala ce ta kai a sayi sabo ba. A ɗauki sikirinshot a tura wa wata wayar: idan layin ya fito a can, a duba manhaja, ba gilashi ba. Idan kuma sikirin ya yi baƙi ƙirin alhali waya na ringin, a haska shi da tocila kusa-kusa. Matuƙar ana hango hoto dishi-dishi, tagogin suna aiki, fitilar baya ce ba ta kama ba, kuma sau da yawa laifin yana kan bod ko soket. Wannan a nemi mai gyara ya auna shi tukuna, kafin a fara cinikin sikirin.