Shaidar shiga ta wucin gadi

Shaidar shiga ta wucin gadi lamba ce ko makullin sirri da kwamfuta ke ƙirƙira da kanta, ta ba mutum ko manhaja damar shiga wani asusu na ɗan lokaci, daga nan ta daina aiki. Amfaninta shi ne ko ɓarawo ya sace ta, ba ta daɗewa a hannunsa. Wadda aka fi sani a Najeriya ita ce lambar OTP da banki ke turowa ta saƙon tes.

Tarihi

A shekarar 1981 masanin kwamfuta ɗan Amurka Leslie Lamport ya wallafa hanyar samar da kalmomin sirri da ake amfani da kowace sau ɗaya tak. An fitar da ƙa'idar HOTP a 2005, sai TOTP a 2011.

Yadda take aiki

A tsarin TOTP, waya da kwamfutar kamfani suna riƙe da sirri ɗaya. Kowace tana haɗa sirrin da lokacin agogo ta fitar da lamba, galibi mai alƙaluma 6, wadda ke sauyawa duk daƙiƙa 30. Idan lambobin biyu suka yi daidai, sai a buɗe. Wayar ba ta buƙatar sabis kafin ta fitar da lambar. Ta saƙon tes kuwa, a can kamfanin ake ƙirƙirar ta, don haka dole sai da sabis take isowa.

Manhajoji ma suna tantance junansu, musamman waɗanda ke zaune a manyan kwamfutocin haya da ake kaiwa gare su ta intanet, wato girgije. A da, masu rubuta manhaja kan saka makulli na dindindin a cikin rubutun, kuma sau da yawa ta nan asiri ke tonuwa. Yanzu kamfanoni irin su Amazon, Google da Microsoft suna ba manhaja makullin da ke mutuwa bayan mintuna ko sa'o'i, a sabunta shi ba tare da hannun mutum ba, tare da ƙayyade abin da zai iya buɗewa.

A Najeriya

Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da lambar BVN a 2014, kuma a Disamba 2020 gwamnati ta umarci a haɗa kowane layin waya da lambar NIN. Wannan ya sa layin waya ya zama mabuɗin asusun mutum. Shi ya sa 'yan damfara ke neman layin: ko su sace waya, ko su sa a fitar da sabon sim da lambar wani, ko su kira mutum da sunan ma'aikatan banki su ce ya karanto musu lambar da ta shigo. Banki ba ya tambayar wannan lamba ta waya.

Funtua da Malumfashi

A watan Satumba na 2021 an katse sabis ɗin waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda 'yan bindiga, ciki har da Funtua, Malumfashi, Bakori, Dandume da Faskari. Yanki ne na masara, dawa da auduga, kuma abin ya faɗo a gab da kaka, lokacin da kuɗi suka fi yawo tsakanin manoma da 'yan kasuwar hatsi. Mai kuɗi a asusu yana da kalmar sirrinsa, amma saƙon OTP ba ya shigowa, na'urorin masu POS da ke aiki da sim suka tsaya, mai sayar da buhu bai ganin alat ɗin da zai tabbatar an biya shi. Sai dai a koma tsabar kuɗi, wadda ɗaukarta a kan waɗannan hanyoyi haɗari ce, ko a yi tafiya zuwa inda sabis ke kamawa. Manhajar TOTP za ta iya fitar da lamba a irin wannan hali, amma tura kuɗin kansa sai da intanet. An shafe makonni da dama kafin a dawo da sabis ɗin.