Hatsarin Takin Amoniya Marar Ruwa

'Yan'uwana ɗalibai, yawancinmu 'ya'yan manoma ne, kuma in mun gama koyon aikin malanta ƙauyuka za a tura mu, wajen Kwali ko Kuje ko Abaji, inda malamin makaranta shi a kan tambaya kome. Don haka na ga ya kamata in yi mana ɗan bayani a kan wani taki da littattafan aikin gona su kan ambata a gurguje, watau amoniya marar ruwa.

Kowa ya san warinta, ko da bai san sunanta ba. Ita ce ke sa mutum hawaye in ya shiga ɗakin kajin da aka daɗe ba a share ba. Amma wannan 'yar kaɗan ce. Wadda na ke nufi tsantsa ce, iska ce da a ke matsewa cikin tankin ƙarfe har ta narke. Cikin kashi 100 nata, 82 naitirojin ne, abincin nan da ke sa ganyen masara ya yi kore shar. Yuriya kuwa 46 ke gare ta. Shi ya sa manoman Amurka ke son ta. Su kan ja tankin da tarakta, wasu wuƙaƙe na tsaga ƙasa suna zuba ta zurfin inci 6 zuwa 8. Mu nan buhu mu ka saba saye. Amma fa yuriyar da ke cikin buhun daga amoniya a ke yin ta, a Eleme kusa da Fatakwal, da kuma masana'antar Dangote ta Lekki wadda aka buɗe a 2022. Har wa yau ma'aikatun ƙanƙara da yawa da ita su ke aiki.

To, ina hatsarin? Yana cikin sunan nan, marar ruwa. Ƙishirwa gare ta. Da zarar ta kuɓuce daga tanki sai ta nemi inda ke da laima, a jikin mutum kuwa laima tana ido, da hanci, da maƙogwaro, da huhu. Nan ta ke kamawa ta ci nama, har ta kan makantar da mutum ko ta toshe masa numfashi. Ga kuma sanyi, gama tana fitowa da sanyin digiri 33 ƙasa da sifiri, ta ƙone fata, ta manne riga da jiki.

Kada a ce abin na Turawa ne kaɗai. Ran 24 ga Maris, 1992, a Dakar ta ƙasar Senegal, wata tankar amoniya ta fashe a masana'antar man gyaɗa ta Sonacos, inda a ke amfani da ita don kashe dafin da ke cikin tunkuzar gyaɗa. An ɗura wa tankar wajen ton 22, alhali ƙarfinta bai kai ton 18 ba, ga shi kuma an taɓa yi mata walda. Mutum 129 su ka rasu, fiye da 1,000 su ka jikkata. Dalilin ke nan ba a cika tanki fiye da kashi 85 cikin 100, domin zafin rana na sa abin da ke ciki ya kumbura. Ku tuna da ranar watan Maris a Gwagwalada!

Abin da na fi so mu koya wa yara shi ne magani. Mutanenmu in sun ga ƙuna, man ja ko man shanu su ke fara nema. A nan kam wannan ɓarna ce, gama mai ya kan rufe dafin a kan fata ya ci gaba da ci. Ruwa a ke so, mai yawa, a yi ta kwararawa aƙalla minti 15, a buɗe fatar ido da yatsa don ya shiga. Rigar da ta manne kada a fizge ta, sai an jiƙa ta ta saki. Sa'an nan a hanzarta asibiti, ko da mutum ya ce ya ji sauƙi, domin ciwon huhun ya kan tashi daga baya.

In kuwa an ga farin hayaƙi na bin ƙasa daga tanka a kan hanya, ba wurin kallo ba ne. A toshe hanci da jiƙaƙƙen ƙyalle, a duba inda iska ke kaɗawa, a ratse gefe, kada a yi gudu hayaƙin na bin baya.