Emir da Chief: Ma'anarsu da Matsalar Fassara Su da Hausa

Daga cikin kalmomin Ingilishi da mulkin Turawa ya bar wa ƙasar Arewa akwai biyu da mai fassara kan mayar da su kalma ɗaya, wato sarki. Kalmomin su ne Emir da Chief. Ko da yake ma'anarsu ta yi kusa, ba ɗaya suke ba, kuma tarihin Majalisar Sarakuna ta Kaduna ya isa ya nuna haka.

Asalin Emir Larabci ne, daga amir, wato mai ba da umarni, kamar yadda yake a laƙabin Amirul Muminina. Ita kuwa Chief ta shiga Ingilishi ne daga tsohon Faransanci, tushenta kuma kalmar Latin ce mai nufin kai. Saboda haka duk wanda ke kan gaba a wata ƙungiya ko ma'aikata ana iya kiransa da ita. Shi ya sa ake samunta a sunan muƙamin alƙalin alƙalai da na babban akawu. A ƙasar Yarabawa ma akan laƙaba ta ga mai riƙe da sarauta ko da ba shi da gari, kamar Obafemi Awolowo.

Da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, sai suka keɓe Emir ga sarakunan Musulmi masu ƙasa, irin su Sarkin Zazzau da Sarkin Katsina. Sarakunan da ba su da wannan tsari, kamar Tor na Tibi da Aku Uka na Wukari da Sarkin Kagoro, sai aka kira su Chief. Amma a wajen doka da rabon sandar girma, Chief ce ta tattara kowa. Da tsarin mulkin Richards na 1946 ya kafa majalisar sarakunan Arewa, sunanta da Ingilishi House of Chiefs ne, alhali kuwa Sarkin Musulmi Abubakar na Uku da Shehun Barno suna cikinta. Ta riƙa zama a Lugard Hall, arewa da kogin Kaduna, har juyin mulkin Janairu 1966 ya rushe ta. Ke nan kowane Emir Chief ne, amma ba kowane Chief ne Emir ba.

Kalmar sarki ta fi kama da Chief wajen faɗi, domin Bahaushe yana da Sarkin Kano, yana kuma da Sarkin Pawa da Sarkin Kasuwa. Abin da ba ta ɗauke da shi shi ne alamar addini da tarihin jihadi da ke maƙale da Emir. A Jihar Kaduna wannan alama ba ƙaramar magana ba ce. Al'ummomin kudancin jihar sun daɗe suna neman fita daga ƙarƙashin Zazzau. Bayan rikicin Zangon Katab na 1992 aka kafa masarautar Atyap a 1995, aka kuma ƙara wasu da dama a 2001, zamanin Gwamna Ahmed Maƙarfi. Ga waɗannan al'ummomi, kiran shugabansu Chief, ko kiransa da laƙabin harshensu kamar Agwatyap, shaida ce ta cin gashin kai.

Don haka wajibi ne mai fassara ya lura. In rubutu ya jera kalmomin biyu, cewa "sarakuna" kawai ya shafe abin da marubucin ya rarrabe. Cewa "sarakuna da hakimai" kuwa ya fi muni, domin hakimi na ƙarƙashin sarki ne, sai ya zama an rage darajar mai sandar kansa. Mafita ita ce a ambaci kowane sarki da sunan ƙasarsa, ko da laƙabin da mutanensa suka san shi da shi.