Kamigin: Tsibirin da Wuta Ta Haifa

A wannan fitowar mu 'yan ƙungiyar 'yan jarida za mu kai ku ziyara ƙasar Filifin, can gabashin nahiyar Asiya, zuwa wani ɗan ƙaramin lardi da teku ta kewaye. A taswira za ku ga an rubuta sunansa Camiguin, amma Kamigin ake furtawa. Masu yawon buɗe ido suna zuwa can domin wanka a ruwan ɗumi da ɗaukar hoto a kan farin yashi. Mu kuwa abin da ya ja hankalinmu shi ne, yawancin abubuwan da ake zuwa gani a tsibirin nan wutar da ke ƙarƙashin ƙasa ce ta samar da su, kuma wannan wutar ta sha halaka mutanen wurin. Duk wanda ya gane haka, ya gane Kamigin, ya kuma sami sauƙin darasin labarin ƙasa a kan duwatsu masu aman wuta.

INA NE KAMIGIN?

Kamigin yana kimanin kilomita 10 daga gaɓar arewa ta babban tsibirin Mindanao, a kudancin Filifin. Faɗinsa bai kai murabba'in kilomita 250 ba, shi ne na biyu a ƙanƙanta cikin lardunan ƙasar. Hanyar motar da ta zagaye shi gaba ɗaya kilomita 64 ce, wato ba ta kai tafiyar Kaduna zuwa Zariya ba. Ƙidayar shekarar 2020 ta nuna mutanensa sun haura 90,000 kaɗan, galibinsu Kiristoci ne mabiya ɗariƙar Katolika, manoma da masunta. Babban garin lardin shi ne Mambahaw. Baƙi da yawa sukan hau jirgin fito daga garin Balingowan na Mindanao, su sauka a tashar Benoni bayan tafiyar kamar awa ɗaya.

Mutanen wurin suna da wata magana da suke alfahari da ita: duwatsunsu masu aman wuta sun fi garuruwansu yawa. Ƙananan hukumomin lardin 5 ne, duwatsun kuwa 7 ake ƙirgawa. Wannan ne ya sa ake yi wa tsibirin kirari da "wanda wuta ta haifa".

YAYA WUTA TAKE HAIFAR TSIBIRI?

Ɓawon duniyar da muke takawa ba dunƙulalle ba ne. A rarrabe yake zuwa manyan faya-fayai, kuma suna motsi a hankali, 'yan santimita kaɗan a shekara, kamar yadda farce yake tsiro. A yankin Filifin faya-fayan suna karo, ɗaya yana nutsewa ƙarƙashin ɗaya. Wanda ya nutse yakan tafi da ruwan teku a cikin duwatsunsa. Idan ya yi zurfi, ruwan yakan fita ya shiga dutse mai zafi da ke samansa, ya sa shi narkewa. Narkakken dutsen nan ya fi na kewayensa rashin nauyi, saboda haka sai ya riƙa tasowa yana neman kafa. Idan ya samu, ya fito ya sandare. Wani aman ya zo ya hau kan na baya, har tudun ya ɓullo saman teku. Haka Kamigin ya samu. Irin wannan layi na duwatsu masu aman wuta ya kewaye tekun Fasifik, tun daga Japan da Filifin har yammacin Amurka ta Kudu, shi ne ake kira Zoben Wuta.

Ba duk aman wuta ne iri ɗaya ba. Wani narkakken dutsen ruwa-ruwa ne, yana malala kamar kunu, mutane su kauce masa. Na Kamigin mai kauri ne, kamar tuwon da ya kusa nuna. Iskar gas takan maƙale a cikinsa, kuma dutsen yakan taru ya toshe bakin ramin. Ku tuna da kwalbar lemo da aka girgiza sannan aka buɗe. Abin da yake faruwa ke nan ranar da toshiyar ta fashe.

GARIN DA YA MUTU A 1871

A farkon shekarar 1871, lokacin Filifin tana hannun Turawan Sifaniya, girgizar ƙasa ta riƙa addabar tsibirin har tsawon watanni. A ƙarshen watan Afrilu ƙasa ta tsage kusa da tsohon garin Katarman, wuta da toka suka fara fitowa. Garin ya rushe, aman kuma ya ci gaba har wajen 1875. Da ƙura ta lafa, sai ga sabon dutse mai tsayin fiye da mita 500 a wurin da a da babu shi. Shi ake kira Dutsen Bulkan.

Abubuwa uku ne suka rage daga wannan masifa, kuma su ne baƙi suke fara nema. Na farko kangon cocin Giyob: kaurarrun ganuwar da aka gina da duwatsun murjani na teku, da ragowar hasumiyar ƙararrawa, manyan itatuwa sun tsiro a kewaye. Na biyu shi kansa Dutsen Bulkan, wanda aka yi wa matakala da mutum-mutumi na tarihin addinin Kirista, masu ibada suna hawa musamman a makon Ista. Na uku kuma, wanda ya fi suna, shi ne maƙabartar da ta nutse. Lokacin girgizar, wani ɓangaren gaɓar teku ya lotsa, maƙabartar garin ta koma ƙarƙashin ruwa. A 1982 aka kafa babban gicciye a cikin teku don nuna wurin. Yau kwale-kwale yana kai baƙi gindinsa, masu iyo kuma suna leƙa ƙasan ruwa, inda murjani da kifaye suka mamaye.

Nan akwai abin lura. Baƙo yana ganin wurin ɗaukar hoto da faɗuwar rana, ɗan gari kuwa yana ganin inda kakanninsa suke kwance. Ko a wace ƙasa, kuma ko na wane addini ne, maƙabarta tana da alfarma.

HIBOK-HIBOK, 1951

Dutsen da masana suka fi sa wa ido a yau shi ne Hibok-Hibok, mai tsayin mita 1,332, wanda yake tsaye a bayan garin Mambahaw. Ya yi ta aman wuta daga 1948 zuwa 1953, amma ranar 4 ga Disamba, 1951 ce ba a mantawa. A ranar wani gajimare na toka da gas mai tsananin zafi ya gangaro daga kan dutsen. Irin wannan gajimare ba ya tashi sama kamar hayaƙin girki, saboda yana da nauyi. Ƙasa yake bi, yana gudu fiye da mota, zafinsa ɗaruruwan digiri. Ba a tsere masa da ƙafa. Ɗaruruwan mutane suka rasu, gonaki suka ƙone, dubban mutane suka bar tsibirin zuwa Mindanao.

Wannan rashi ne ya sa gwamnatin Filifin ta kafa hukumar nazarin duwatsu masu aman wuta a 1952, wadda daga baya ta zama hukumar da ake kira PHIVOLCS. Tana da tashar sa ido a kan Hibok-Hibok, da na'urorin da ke jin ƙananan girgizar ƙasa waɗanda mutum ba ya ji. Dutse ba ya yawan fashewa ba tare da alamu ba: girgiza takan ƙaru, ƙasa takan kumbura, gas yakan canza. Aikin masanan shi ne su karanta alamun su gargaɗi jama'a da wuri. Rigakafi ya fi magani, in ji Bahaushe.

Tun 1953 dutsen bai sake aman wuta ba, amma ba a ce ya mutu ba, barci yake yi. Ana hawansa, sai dai da izinin hukumar muhalli da kuma ɗan jagora. Dajin da ya lulluɓe shi da maƙwabcinsa Timpong, wanda ya fi shi tsayi, gandu ne da doka ta kare. A cikinsa akwai wani ɗan ƙaramin aku kore da ba a samunsa a ko'ina a duniya sai Kamigin, wanda masana suka bayyana a matsayin jinsi na daban a 2006.

RUWA IRI UKU A TSIBIRI ƊAYA

Tsibirin yana samun ruwan sama mai yawa, kuma dutsen aman wuta cike yake da tsaguwa da ramuka, yana shan ruwa kamar soso. Hanyar da ruwan ya bi a ƙarƙashin ƙasa ita take nuna yadda zai fito.

Ruwan da ya gangara kusa da dutse mai zafi yakan ɗumama ya dawo sama. Da irin wannan ruwan ɗumi maɓuɓɓugar Ardent ta yi suna a gindin Hibok-Hibok, inda aka gina tafkunan wanka a cikin inuwar itatuwa. Ruwan da bai kusanci zafi ba yakan fito da sanyi, garai-garai, kamar na maɓuɓɓugar Santo Ninyo. Akwai kuma maɓuɓɓugar Bura, wadda ake cewa ruwanta yana da ɗanɗanon soda, saboda iskar kabon da ta narke a cikinsa, irin wadda ake sa wa lemon kwalba.

Wannan iskar ba baƙuwa ba ce a yankinmu. Ita ce ta taru a ƙasan tafkin Nyos na ƙasar Kamaru, wanda yake cikin ramin tsohon dutse mai aman wuta, ta fito gaba ɗaya a daren 21 ga Agusta, 1986, ta kashe mutane fiye da 1,700 da dabbobi masu yawa. Kaɗan daga cikinta ɗanɗano ne a baki, mai yawa kuwa ajali ce.

Ruwan da bai nutse ba yakan gangaro ta kan duwatsu masu tsayi, ya zama matsirga, wato inda ruwa yake faɗowa daga sama kamar na Gurara. Wadda ta fi suna ita ce Katibawasan: siririn ruwa yana zubowa daga tsayin kimanin mita 70 zuwa wani tafki mai sanyi. Akwai kuma Tuwasan, wadda ba ta kai ta tsayi ba amma ta fi ta ƙarfin ruwa.

BAƘIN YASHI, FARIN YASHI

Yashin gaɓar Kamigin galibi mai duhu ne, domin daga dutsen aman wuta ya gutsuro. Amma idan aka shiga kwale-kwale na 'yan mintuna daga yankin Mambahaw, sai a iske wani tudun yashi fari fat a tsakiyar teku, wanda ake kira Farin Tsibiri. Babu gida, babu itace ko ɗaya. Farinsa daga ɓarɓashin murjani da ƙwaryar halittun ruwa yake. Siffarsa tana canzawa da cikar teku da janyewarta, yau kamar lauje, gobe wata siffa daban. Daga kansa ne aka fi ganin Hibok-Hibok da Bulkan a jere. Da sassafe ake zuwa, don babu inuwar fakewa idan rana ta take.

ME YA SA BA SU TASHI BA?

Wani zai tambaya, mutanen da suka ga 1871 da 1951, me ya zaunar da jikokinsu a gindin dutsen? Babban dalili ƙasar noma ce. Toka da dutsen aman wuta idan suka daɗe suna ruɓewa sukan bar ƙasa mai albarka. Ana noman kwakwa da shinkafa da ayaba, amma abin da ya fitar da sunan Kamigin shi ne wani ɗan itace da ake kira lansones. 'Ya'yansa sun ɗan fi ɗinya girma, a cure suke fitowa kamar inabi, bawonsu ruwan ƙasa mai haske, cikinsu ɓari-ɓari mai zaƙi da ɗan tsami. A Filifin ana yabon na Kamigin wajen zaƙi, kuma duk watan Oktoba ana yi masa biki da raye-raye a tituna. Ga kamun kifi, ga kuɗin da baƙi suke kawowa ga masu kwale-kwale da masaukai da 'yan jagora.

Sai dai zaman yana da farashi, kuma ba wuta kaɗai ce barazanar ba. Gangaren duwatsun yana da tsayi, ƙasarsa kuma sako-sako ce. A watan Nuwamba na 2001 wata guguwar teku ta zubar da ruwa mai yawa, ƙasa ta zaftare, laka ta binne gidaje, mutane da yawa suka mutu. Shi ya sa kiyaye dajin kan duwatsun ba don ƙawata wa baƙi kawai ake yi ba. Saiwoyin itatuwa ne suke riƙe ƙasar.

DARASINMU

Ba lallai ne ɗayanmu ya taka Kamigin ba, amma idon da za a kalle shi da shi yana da amfani a gida. Tsaunukan Jos da na Biu suna da tsofaffin duwatsu masu aman wuta da suka daɗe da yin shiru, kuma tafkin Tila da ke kusa da Biu a cikin ramin ɗaya daga cikinsu yake. Dutsen Kamaru, wanda yake raye, ya yi aman wuta a 1999 da 2000. Idan makaranta ta shirya ziyarar gani da ido, kada mu tsaya a ɗaukar hoto. Mu tambayi yadda wurin ya samu, da abin da yake ba mutanen da ke zaune kusa da shi, da abin da yake iya ƙwace musu. Mu bi umarnin ɗan jagora, mu kwashe ledojinmu, mu girmama abin da mutanen wurin suke girmamawa.

TAMBAYAR WANNAN FITOWA: Me ya sa yashin gaɓar Kamigin yake da duhu, na Farin Tsibiri kuwa fari? A rubuta amsa da suna da aji, a jefa cikin akwatin ƙungiya kafin ranar Juma'a. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka dace a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.