Lamba Ma Kamar Buhun Dabino Ce

A kasuwar Sabha, babban birnin Fezzan a kudancin Libiya, inda Hausawan Najeriya da Nijar suka daɗe suna neman abinci, mai dabino yakan zazzage buhu ya kasa shi kashi-kashi. Burinsa kowane kashi ya zo daidai da ɗan'uwansa, kada ƙwaya ta yi saura. Wani buhun ya rabu lafiya, wani ya ƙi. Abin da masana lissafi ke yi wa manyan lambobi ke nan: ba girman lamba ya dame su ba, yadda take rabuwa suke dubawa, don a nan halinta yake.

A ce buhu na ɗauke da ƙwaya 720,720. Ko kashi biyu aka so, ko bakwai, ko goma sha uku, zai rabu cif. Kowace lamba daga 1 zuwa 16 tana raba shi ba saura, kuma babu lamba ƙasa da wannan mai yin haka. Sirrin yana cikin gininta: 16 sau 9 sau 5 sau 7 sau 11 sau 13. Shi ya sa lambobi har 240 ke raba ta. Idan aka tara masu raba ta, ban da ita kanta, jimillar ta zarce ta nesa, don haka ake sa ta cikin lambobi masu yalwa. Wadda jimillar ta zo daidai da ita, kamar 28 ko 8,128, ita ce cikakkiya.

To ga wani buhun mai ƙwaya 999,983. Ya fi na farko yawa, amma duk yadda aka kasa shi sai an sami saura. Ko dai a bar shi tuli guda, ko a jera shi ƙwaya ɗai-ɗai. Irin wannan lamba gagara-rabo ce, kuma ita ce mafi girmansu ƙasa da miliyan. Ba sai an gwada kowane kashi ba kafin a tabbatar: gagara-rabo 168 da ke ƙasa da 1,000 sun wadatar. Hanyar zaƙulo su kuwa ana jingina ta ga Eratosthenes, wanda aka haifa a Sirene, kusa da garin Shahhat na yau a gabashin Libiya, wajen shekara ta 276 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Wannan ilimi yana da amfani a aljihun kowa. Haɗa manyan gagara-rabo biyu ta hanyar sau abu ne mai sauƙi, amma warware su ya gagari kwamfuta, kuma a kan wannan wahala aka gina tsarin RSA na 1977 mai tsare sirrin bankuna da saƙonnin intanet. Saboda haka malamin lissafi ya fara da ƙwayoyin dabino a gaban ɗalibai, su kasa da hannunsu, kafin ya taɓa allo.